Nawa Ya Kamata a Ware wa Ma'ajiyar Rumbunan Ƙarshen Wasan Ces?

Tambaya: Ina da kwamfuta mai RAM gigabait 16, kuma ina nazarin wasannin ces da injin Stockfish. Na sauke rumbunan ƙarshen wasa na Syzygy har zuwa na 'ya'ya shida, na kuma ba Hash, wato wurin da injin yake ajiye matsayan da ya riga ya bincika, gigabait 12. Tsofaffin bayanan da na karanta suna cewa a saita girman ma'ajiyar wucin gadi ta rumbunan, amma na duba ko'ina ban ga wurin saita ta ba, kuma da zarar wasa ya kusa ƙarewa sai injin ya yi sanyi. Ina wannan saitin yake, kuma nawa ya kamata in ba shi?

Amsa: Malam, saitin da kake nema ba ɓoye shi aka yi ba, babu shi ne kwata-kwata a Stockfish, kuma rashinsa ba mantuwa ba ce. Bayanan da ka karanta an rubuta su ne a zamanin tsofaffin rumbunan Nalimov, waɗanda suka riga Syzygy fitowa, lokacin da injin da kansa yake riƙe da ma'ajiyarsa, yana jiran mai kwamfuta ya faɗa masa girmanta. A tsarin Syzygy kuwa, babbar manhajar kwamfutar, wato Windows ko Linux, ita ce take yin wannan aiki da duk abin da ka rage mata na RAM. Ke nan ka riga ka saita ma'ajiyar ba tare da ka sani ba. Ranar da ka ba Hash gigabait 12 daga cikin 16, ranar ka yanke cewa rumbunanka za su yi rububin ragowar huɗun tare da babbar manhajar, da manhajar allon wasan, da duk wani shafin intanet da ka bari a buɗe. Daga nan sanyin injin ya samo asali.

Kafin in faɗi lambobin da nake ganin sun dace da kai, ya kamata a fahimci abin da ma'ajiyar take magancewa, domin wanda ya gane wannan ba zai sake buƙatar kowa ya ba shi lamba ba. Rumbun ƙarshen wasa jerin amsoshi ne da aka riga aka lissafa: kowane matsayi mai 'ya'ya kaɗan a kan allo, an san ko nasara ne, ko canjaras, ko faɗuwa, idan ɓangarorin biyu suka yi wasa ba kuskure. Injin yana leƙa wannan rumbu ba a matsayin da ke gabanka kaɗai ba, har ma a cikin zurfin bincikensa, duk inda musayar 'ya'ya ta rage su zuwa adadin da rumbun ya ƙunsa. Matsalar ita ce bambancin gudu. Karanta abu daga RAM ba ya kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, SSD, wato faifai marar juyawa, na ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, faifai mai juyawa kuwa sai kan karatunsa ya yi tafiya zuwa wurin, abin da kan ci kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. A ce zaren bincike ɗaya, wato layi ɗaya na aikin lissafin injin, yana duba matsayi miliyan ɗaya a daƙiƙa, to leƙawa guda a faifai mai juyawa ta cinye masa lokacin duba matsayi dubu goma. In aka yi irin wannan leƙawar sau ɗari a daƙiƙa ɗaya, zaren ya daina bincike, ya koma zaman jira. Aikin ma'ajiyar shi ne ta riƙe abin da aka karanta kwanan nan a cikin RAM, domin bincike yana yawan komawa matsayai maƙwabtan juna, kuma abin da aka nema yanzu akwai yiwuwar a sake nemansa nan da ƙiftawar ido.

Rumbunan da Eugene Nalimov ya fara fitarwa a 1998 su ne suka sa wannan saiti ya shiga bakin mutane. Suna ajiye yawan takun da ya rage a kashe sarki, bayani mai nauyi, shi ya sa na 'ya'ya uku zuwa biyar suka kai kimanin gigabait 7, na 'ya'ya shida kuma suka haura terabait ɗaya. An matse fayilolin ne dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule kilobait 8, kuma ba yadda za a karanta amsar matsayi ɗaya sai an warware dunƙulen da yake ciki gaba ɗaya. Warwarewar tana cin lokacin na'urar sarrafa lissafi, saboda haka injin yake ajiye dunƙulen da ya warware a wani yanki na RAM, in wurin ya cika sai ya zubar da wanda ya fi daɗewa ba a taɓa shi ba. Wannan yankin shi ne abin da ƙa'idar UCI, wato tsarin sadarwa tsakanin inji da manhajar allon wasan, wadda Stefan Meyer-Kahlen da Rudolf Huber suka fitar a shekara ta 2000, ta sanya wa suna NalimovCache, ana auna shi da megabait, kusa da ɗan'uwansa NalimovPath mai nuna inda fayilolin suke. Injin Crafty na Robert Hyatt shi ma yana da nasa umarnin na wannan aiki a fayil ɗin saitinsa. Ma'ajiya mai megabait 32 tana ɗaukar dunƙule 4096 ke nan.

Akwai abu biyu da mutane suka riƙa tuntuɓe a kansu a wancan tsari, kuma har yau wanda yake amfani da tsohon inji zai gamu da su. Na farko, ƙa'idar UCI ta ɗauki waɗannan saituna a matsayin na musamman, waɗanda manhajar allon wasan kan iya riƙewa da kanta, don haka sau da yawa ba a ganinsu a tagar saitunan injin, sai a tagar saitunan manhajar, a sashen rumbunan ƙarshen wasa. Na biyu, kuma shi ne ya fi ɓoyuwa, ƙara girman NalimovCache ba ya ƙara amfani har abada. Duk abin da injin ya karanta daga faifai, babbar manhajar ma tana riƙe kwafinsa a matse a tata ma'ajiyar. Matsatstsen kwafi yana ɗaukar bayani mai yawa a ƙaramin wuri, warwararren kuwa yana cin wuri. Idan ka kumbura ma'ajiyar injin, ka ƙwace wuri ne daga ma'ajiyar da ta fi iya tattali, ka ba wadda ta fi ɓarna. A ganina, ga mai rumbunan Nalimov na 'ya'ya biyar, megabait 32 zuwa 128 sun isa kusan kowane nazari, kuma ban taɓa ganin ribar da ta cancanci a haura 256 ba. A tuna kuma cewa bayan ma'ajiyar, injin yana ware wani wuri daban don jadawalin neman matsayai a cikin fayilolin, wanda yake ƙaruwa da yawan fayilolin da aka nuna masa, kuma lambar da ka rubuta a NalimovCache ba ta ƙunshe shi ba.

Rumbunan Gaviota na Miguel Ballicora sun tsaya a 'ya'ya biyar, su ma suna da saitin ma'ajiya, wanda injuna da yawa suke kira GaviotaTbCache. Abin da ya burge ni a tsarinsu shi ne an raba ma'ajiyar gida biyu: kaso ɗaya na gajeriyar amsa, wato nasara ko canjaras ko faɗuwa, ɗaya kason kuma na yawan takun kisan sarki. A misalin da ya zo tare da manhajar leƙa rumbunan, an ba gajeriyar amsa kashi 96 cikin 128, wato uku bisa huɗu, saboda ita bincike ya fi nema kuma ba ta cin wuri. An kuma bambanta leƙawa mai taushi, wadda ke duba ma'ajiya kawai ta haƙura in ba ta samu ba, da leƙawa mai tsanani, wadda ke zuwa har faifai. Wannan tunani na raba gajeriyar amsa da doguwa shi ne Syzygy ya kai matuƙa.

Ronald de Man ya fitar da Syzygy a 2013, kuma ya raba kowane rukunin ƙarshen wasa zuwa fayil biyu. Fayil mai ƙarewa da .rtbw yana ɗauke da gajeriyar amsa, mai ƙarewa da .rtbz kuma yana ɗauke da yawan takun da ya rage kafin a ci ɗa ko a tura soja, wato takun da ke mayar da ƙidayar dokar taku hamsin zuwa sifili, dokar da ke ba da damar neman canjaras in kowane ɓangare ya yi taku hamsin ba a ci ɗa ba, ba a tura soja ba. Ba a ajiye nisan kisan sarki ba sam, shi ya sa girman ya faɗi warwas: dukkan na 'ya'ya uku zuwa biyar ba su kai gigabait ɗaya ba, kimanin megabait 378 na gajeriyar amsa da 561 na doguwa. Na 'ya'ya shida, waɗanda ka sauke, sun kai kusan gigabait 150, kimanin 68 na .rtbw da 81 na .rtbz. Na 'ya'ya bakwai, da Bojun Guo ya kammala lissafinsu a 2018, sun kusa terabait 17 ko fiye bisa yadda aka ƙidaya, wanda duk da haka ƙarami ne in aka gwada da kimanin terabait 140 na rumbunan Lomonosov da aka lissafa a Mosko a 2012.

Dalilin da ya sa Syzygy ba ya buƙatar ma'ajiyar kansa yana cikin yadda aka matse shi. Guntayensa ƙanana ne ƙwarai, 'yan baitoci ne, ana warware abin da ake buƙata nan take ba tare da asarar lokaci mai yawa ba, don haka babu ribar ajiye warwararren kwafi. Abin da injin yake yi shi ne ya roƙi babbar manhajar ta shimfiɗa masa fayil ɗin a matsayin wani yanki na ƙwaƙwalwa. Idan ya taɓa wurin da ba a ɗauko ba tukuna, babbar manhajar ta dakatar da zaren, ta karanto shafin daga faifai, galibi kilobait 4, ta ajiye shi a RAM ɗin da ba kowa a ciki. Shafin zai zauna nan har sai wani ya buƙaci wurin. Ma'ajiyar rumbunanka, a taƙaice, ita ce RAM ɗin da ba ka ba kowa ba, kuma maɓallin da ke sarrafa girmanta shi ne Hash.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa idan suka buɗe tagar lura da ayyukan kwamfuta. A Linux, umarnin top zai iya nuna cewa injin ya haɗiye gigabait da yawa fiye da abin da aka ba Hash, har mutum ya ɗauka manhajar ta lalace. Ba lalacewa ba ce, shafukan fayilolin ne aka lissafa a kansa, kuma babbar manhajar za ta sake su da zarar an matsa mata. Lambar da ya kamata a duba ita ce ta ginshiƙin ƙarshe a umarnin free, wadda ke nuna abin da za a iya samu in an nema. Haɗari na gaske yana ɗaya ɓangaren ne. Idan Hash ya yi girman da babbar manhajar ta fara kwashe sassansa zuwa faifai don ta samu wuri, to an shiga uku, domin injin yana taɓa Hash ne a warwatse, kusan a kowane matsayi da ya duba. Na taɓa yin wannan kuskure da kaina a wata kwamfuta mai RAM daidai da taka: na ba Hash gigabait 14, na bar nazarin wani ƙarshen wasa na hasumiya da sojoji ya kwana, da safe na tarar da fitilar faifai tana ci ba ƙyaftawa, zurfin binciken kuma bai kai abin da nake samu a rabin sa'a da Hash mai gigabait 2 ba.

To, ga abin da zan yi da a ce ni ne a kujerarka. Zan sauke Hash zuwa gigabait 4, in bar wa babbar manhajar da sauran manhajoji kimanin 3, sauran 9 ɗin su zama filin rumbuna. Kada gigabait 68 su tsorata ka, domin wasa ɗaya ba ya buƙatar dukkan fayilolin. Idan a kan allo hasumiyoyi ne da sojoji, injin ba shi da abin yi da fayilolin doki da bishof sai in wani soja ya rikiɗe ya zama ɗayansu, kuma a cikin fayilolin da yake buƙata ma, wurin da sojojin suke tsaye yana taƙaita yankin da zai taɓa. Gigabait 9 suna ɗaukar abin da nazari ɗaya yake yawo a kansa a mafi yawan lokuta. Da a ce rumbunan 'ya'ya biyar kaɗai gare ka, maganar ba ta da tsawo: gigabait ɗaya na sarari ya riƙe su dukansu, sai ka ba Hash abin da ka ga dama cikin hankali.

Wurin ajiye fayilolin yana da tasiri daidai da rabon RAM, ko ma fiye. A cikin bincike, Stockfish fayilolin .rtbw kaɗai yake leƙawa. Na .rtbz ana buƙatarsu ne idan matsayin da ke kan allo da kansa ya shiga rumbu, a lokacin da injin zai tantance takun da zai kai ga nasara ba tare da dokar taku hamsin ta riske shi ba, kuma wannan 'yan leƙe-leƙe ne a kowane taku. Saboda haka ka sa gigabait 68 ɗin a SSD, gigabait 81 ɗin kuma ko a faifai mai juyawa ka zuba su ba ka yi asara ba. SyzygyPath, saitin da ke nuna wa injin inda fayilolin suke, yana karɓar wurare fiye da ɗaya, a Windows ana raba su da waƙafi mai ɗigo a sama, a Linux kuma da ɗigo biyu. Idan komai ya zauna daidai, injin zai sanar da cewa ya samu rukunai 510 ga mai 'ya'ya shida, ko 145 ga mai biyar. In ka ga lambar da ba ta kai haka ba, wasu fayiloli sun ɓace ko hanyar da ka rubuta ba daidai ba ce.

Sai saituna biyu da ke rage yawan leƙawar kanta, kuma akwai wani tarko a tsakaninsu da ba kasafai ake ambatonsa ba. SyzygyProbeLimit yana faɗin iyakar yawan 'ya'yan da za a leƙa wa rumbu, kuma yana zuwa ne a kan 7. SyzygyProbeDepth yana faɗin ƙaramin zurfin da dole ya rage wa bincike kafin a yarda a leƙa, yana zuwa a kan 1, ana iya ɗaga shi har 100. Manufarsa ita ce kada a je faifai saboda matsayin da ke can bakin ganyen bincike, inda amsar ba ta kai kuɗin ɗauko ta ba. Amma wannan sharaɗi na zurfi yana aiki ne kawai a kan matsayai masu 'ya'ya daidai da iyakar, waɗanda suka gaza haka ana leƙa su ba tare da duba zurfin ba. Sannan idan iyakar da ka saita ta fi abin da kake da shi a faifai, Stockfish yana sauke ta zuwa abin da ya samu, ya kuma yi watsi da sharaɗin zurfin gaba ɗaya. Ma'ana, kai da kake da rumbunan shida alhali iyakar tana kan 7, ko ka ɗaga SyzygyProbeDepth zuwa 20 babu abin da zai canza. Sai ka fara mayar da SyzygyProbeLimit zuwa 6, sannan zurfin ya fara aiki. Idan fayilolin suna SSD, ni ban cika taɓa zurfin ba. Idan dole ce ta sa suke faifai mai juyawa, ka ɗaga shi sannu a hankali, ka gwada 6, ka gwada 10, ko kuma ka sa iyakar a 5 a wasannin gaggawa, inda daƙiƙa ɗaya ta jira ta fi amsar tsada.

Wani abin da ke sassauta nauyin shi ne Stockfish ba ya leƙa rumbu a kowane matsayi mai 'ya'ya shida da ya gamu da shi. Yana leƙawa ne kawai nan take bayan an ci ɗa ko an tura soja, lokacin da ƙidayar taku hamsin take sifili, kuma amsar da ya samu yana ajiye ta a Hash. Ke nan Hash ɗin ma wata ma'ajiya ce ga amsoshin, shi ya sa ban ce ka murƙushe shi zuwa megabait 16 da yake zuwa da shi ba. Saitin Syzygy50MoveRule kuwa ba shi da alaƙa da ƙwaƙwalwa, amma tun da zai bayyana a gabanka: ka bar shi a kunne in kana wasa da dokar taku hamsin. Ƙarshen wasa na bishof biyu a kan doki ɗaya galibi nasara ce a lissafi, sai dai akwai matsayan da ke buƙatar taku 66 kafin a ci dokin, kuma a ƙarƙashin dokar waɗannan canjaras ne.

Duk lambobin da na ba ka mafari ne, awon kwamfutarka shi ne alƙali, kuma awon ba shi da wuya. Ka zaɓi matsayi mai 'ya'ya takwas ko tara daga irin wasannin da ka saba nazari, ka bar injin ya yi minti ɗaya ba tare da SyzygyPath ba, ka rubuta yawan matsayan da yake dubawa a daƙiƙa da zurfin da ya kai. Ka sa hanyar rumbunan ka maimaita, sannan ka share Hash ka sake maimaitawa karo na uku. Karo na biyu yana nuna maka gudun faifanka, domin ma'ajiyar babu komai a cikinta, karo na uku kuma yana nuna gudun RAM, domin shafukan sun riga sun zauna. Idan karo na uku ya dawo kusa da na farko, sararin da ka bari ya isa. Idan bai ɗara na biyu da wani abin kirki ba alhali faifai yana ta aiki, ana zubar da shafukan ne kafin a sake buƙatarsu, sai ka ƙara rage Hash. Ka kuma sa ido a kan lambobi biyu da injin ke fitarwa: tbhits, yawan amsoshin da ya samo daga rumbu, da hashfull, wanda ke auna cikar Hash da kashi cikin dubu. Wanda nazarinsa na yau da kullum ba ya kai hashfull 300 yana riƙe da fili ne a banza. Raguwar gudu kaɗan ba abin damuwa ba ce, domin kowace amsa daga rumbu tana yanke reshe guda na bincike gaba ɗaya, kuma sau da yawa injin yana kai wa ga hukunci da wuri duk da lambar gudun ta sauka.

Ga mai rumbunan biyar a Linux, akwai 'yar dabara ta ɗumama ma'ajiya kafin a fara: a karanta dukkan fayilolin .rtbw sau ɗaya da umarnin cat, a zubar da abin da ya fito a /dev/null, sai megabait 378 ɗin su zauna a RAM tun kafin taku na farko. Kada ka gwada haka da na shida a kwamfutarka, gigabait 68 za su bi ta cikin 9 ne kawai su wuce, ƙarshensu kaɗai zai saura.

Idan wata rana ka fara haɗa injuna gasa, wasanni da yawa a lokaci guda, lissafin yana sauyawa ta fuska biyu. Hash na kowane inji ne shi kaɗai, don haka wasanni huɗu a tare injuna takwas ne, kuma gigabait ɗaya ga kowanne ya zama takwas. NalimovCache da GaviotaTbCache su ma haka suke ninkuwa, kowane inji da tasa ma'ajiyar. Shafukan Syzygy kuwa kwafi ɗaya ne a RAM, dukkan injunan suna karatu daga gare shi, abin da ɗaya ya ɗauko ya amfani sauran bakwai. Sai dai wasanni huɗu daban-daban za su taɓa fayiloli daban-daban, don haka a irin wannan gasa a RAM mai gigabait 16 nakan ba kowane inji megabait 256 zuwa 512, in tsayar da SyzygyProbeLimit a 5 in wasannin na gaggawa ne.